Sunan da Saratu Ba Ta Kira

Saratu ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari ba. Ko ranar suna, da maza suka dawo daga masallacin unguwar Abu Hail a Dubai suka ce an raɗa wa jaririya Muhsinat, mata suka rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su kai ƙara, ita sunkuyar da kai ta yi kamar ba da ita ake ba. Haka ta tarar a gidansu. Kakarta Bafulatana ce daga wajen Azare, uwarta kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya ji sunan babban ɗanta a bakinta. Zaman Dubai bai kankare wannan ba. Saratu nas ce a wani ƙaramin asibiti a Deira, tana wuni a ƙofar ɗakin likita tana kiran sunayen Indiyawa da Larabawa da 'yan Filifin, harshenta bai taɓa sarƙewa ba. In ta dawo gida ta cire farin takalmi, sai ka ji:

"Ke. Zo ki ɗauke kwanukan nan."

In labarin yarinyar za ta ba wani, sai ta ce "babbar" ko "wannan". Ƙawayenta sun gane, Maman Sauda suke ce mata, da sunan ƙanwar da ta biyo baya. Ita Sauda kuwa sunanta ba ya hutawa a gidan. Sauda zo ki ci, Sauda ina ɗankwalinki, Saudatu 'yar lele. Muhsinat ta tashi tana jin wannan ta bayan labule, tana kuma ganin yadda iyayen 'yan ajinsu ke tsayawa a ƙofar makaranta suna ƙwala wa 'ya'yansu kira, su rungume su a gaban kowa. Ba ta yi ƙorafi ba, da ma ba mai yawan magana ba ce. Sau ɗaya dai ta tambayi mahaifinta, Ɗalhatu, wanda ke aiki a ofishin kago a Al Ras yana tura wa 'yan kasuwa kayansu zuwa Kano.

"Kunya ce, uwata, ba ƙi ba," ya ce, yana ɗaure wani kwali. "Mutanenmu abin da suka fi so shi suke ɓoyewa."

Ta gyaɗa kai. Ta fahimta, sai dai fahimta ba ta cika kunne.

A makarantar sakandaren da ta shiga akwai wurin iyo, kuma malamin wasanni ya ajiye wasu tsofaffin kwalekwale irin waɗanda ake kira kayak. Na roba ne, gajere, mutum ɗaya yake ɗauka. Ana zura ƙafafu ciki, a rufe bakinsa da wani siket na roba da ke ɗaure a ƙugu, ta yadda ko ya kife mutum ba ya faɗowa. Yana nan zaune, kansa ƙasa, gindin kwalekwale sama. Daga nan ko dai ya fizge siket ya fice ya yi iyo, ko ya yi juyi, wato ya share ruwa da filafili, ya murɗa ƙugu, ya dawo sama da kwalekwalen gaba ɗaya. Yawancin yara da zarar sun kife sai firgici ya kama su. Muhsinat kuwa ta tarar da wurin ya dace da ita. Ba wanda ke kallonta a can ƙasa, ba wanda ke jiran ta yi magana. Kafin malamin ya gama koya wa sauran yadda ake riƙe filafili, ita tana juyi ta hagu da dama.

Shi ne ya ɗauki bidiyonta ya tura wa wata makaranta a ƙasar waje, suka ba ta gurbi da tallafin karatu na shekaru biyun ƙarshe na sakandare.

Makarantar ba ta da gini. Wannan ne Ɗalhatu ya kasa fahimtar da abokan aikinsa.

"To a ina take, Malam Ɗalhatu?"

"Inda kogi ya cika."

"Allah ya kyauta. Makarantar makiyaya ke nan ta Turawa."

Ba su yi nisa da gaskiya ba. Ɗalibai ne da ba su cika aji ɗaya ba, da malamansu, da motoci masu jan tirela, kwalekwale jere a kai kamar kifin da aka shanya. Zango ɗaya a wannan ƙasa, na gaba a wata nahiyar. Karatun sakandare ne cikakke, da jarrabawa da takardar shaida, sai dai ana yin sa a duk inda aka sauke kaya.

Ranar tafiya Saratu ta ce tana da aiki, ba ta je filin jirgi ba. Wata leda ta ba Sauda, cike da yaji da dambun nama da man zafi da safar ulu.

"Ki ba ta. Ki ce kar ta riƙa zama da jiƙaƙƙen kai."

Shekarar farko ta yi wa Muhsinat daɗi fiye da yadda ta iya faɗa a waya. Da asuba a tashe su motsa jiki a kan ciyawa mai raɓa. Bayan kalaci a jingina allo a jikin mota, a yi lissafi a barandar wani gidan baƙi a Nepal, awaki na leƙe, ko a yi tarihi a ƙarƙashin bishiya a bakin kogin Nilu a Uganda. Da rana ta karkata, kowa ya saɓa kwalekwalensa a kafaɗa a gangara. Komai nasu warin danshi yake, littattafai sun kumbura, safa ba ta bushewa. Tana sa ɗan hijabin wasanni a ƙarƙashin hular kwano. Tana salla a bayan mota kan tawul, alƙibla na canza mata gefe duk ƙasar da suka shiga, har wata 'yar Kanada da suke kwana ɗaki ɗaya ta saba, in ta ga ta tayar da kabbara sai ta rage waƙa. Girki bi da bi ake yi. Ranar da ya faɗo kanta takan dafa dafa-duka ta barbaɗa yajin Saratu, 'ya'yan Turawa na hawaye suna miƙo kwano a ƙara.

Mai kula da su a ruwa wata gajeriyar mata ce 'yar Chile, mai furfura da karyayyen hanci, malamar kogi. Dokokinta kaɗan ne, amma ba ta maimaita su. Ba a shiga kogi mutum ɗaya. In an wuce wurin da ruwa ke hauka, kowa ya dubi na bayansa ya dafa hular kwanonsa, ma'ana lafiya nake, shi ma ya dafa tasa. In ka kife, ka taso. Ƙarƙashin ruwa ba wurin tunani ba ne.

A shekara ta biyu suka sauka a kudancin Chile, a bakin wani kogi da ke gangarowa daga ƙanƙara, ruwansa shuɗi kamar an jiƙa bula. Wata rana da la'asar igiyar ruwa ta daki gefen Muhsinat ta kifar da ita. Ba sabon abu ba ne. Ta manna filafili a jikin kwalekwale, ta shirya juyi. Sanyi ya matse mata goshi. Tana jin duwatsun ƙasa na gurgura juna kamar ana niƙa a wani gida mai nisa. Sai ta ji an ce:

"Muhsinat."

Muryar Saratu ce. Ba kama ba, ita ce, har da ɗan dushewar da take yi in ta wuni a cikin sanyin asibiti. Kuma ba da faɗa ba. Da irin taushin da take kiran Sauda in ta kawo mata shayi a gado. Daga ƙasa muryar ta fito, daga inda shuɗin ya koma baƙi.

Muhsinat ta taso tana haki, ta dafa hula, na gabanta ya dafa tasa. Da yamma ta kira gida. Saratu na nan lafiya, tana jajjage, ta karɓi wayar daga hannun Ɗalhatu ta ce, "Ke, kina cin abinci kuwa?" ta mayar.

Washegari ta sake kifewa, ta sake ji. Ranar da ta biyo, da gangan ta ba igiya gefe.

Ta san ba daidai ba ne. Tun tana ƙarama ta ji manya na cewa in aka kira ka ba ka ga mai kira ba, kada ka amsa. Kuma ta fi kowa sanin cewa Saratu ba za ta faɗi wannan suna ba ko da wuƙa a wuya. Amma abin da ta yi shekaru tana kasa kunne ta ji, ga shi ana ba ta kyauta, sai dai a wurin da ba numfashi. Ta fara jinkiri. Ta shirya filafili, sai ta ɗan dakata a ƙara faɗa. Muryar kuwa ba ta gaggawa. Kullum sai ta ɗan ƙara nisa, ta ɗan ƙara jinkirin zuwa, kamar mai ja da baya tana yafito yaro.

Ranar da abin ya fito fili, ba ta san ta daɗe ba. Hannu kawai ta ji ya damƙi rigar cetonta, aka wuntsulo ta sama da ƙarfi. Malamar kogi ce. Ta ja ta bakin gaɓa, ta jira ta gama tari da amayar da ruwa, sannan ta tsuguna a gabanta.

"Kin fi duk yaran nan iya juyi. Me ya riƙe ki?"

"Ban sani ba, Malama."

"Ruwan nan garai yake, na gan ki. Kin saki filafili. Idonki a buɗe, kina murmushi." Ta share hanci da bayan hannu. "Na taɓa ciro wanda ya firgita, na ciro wanda dutse ya buga. Mai murmushi ban san yadda zan yi da shi ba."

Aka kai ta wurin likita a garin da ke kusa, ya duba kunne da kai, bai ga komai ba. Aka hana ta shiga ruwa har ƙarshen zango. Kafin su rabu a filin jirgi malamar ta faɗa mata ba kwana-kwana: saura zango ɗaya ta gama. Ta je gida ta huta. In sun dawo, kogin farko da ta kife ta yi jinkiri, ranar za a sa ta a jirgi, ba shaida, ba komai.

"Gara in mayar wa uwarki yarinyar da ba ta gama makaranta ba," ta ce.

Ba ta ƙarasa ba, kuma ba sai ta ƙarasa ba.

A Abu Hail ba abin da ya canza. Lif ɗin gidan na nan da ƙararsa, ƙanshin girkin maƙwabta 'yan Kerala ta Indiya na nan a matakala. Tanti Aziza, ƙawar Saratu, 'yar Nijar mai sayar da atamfa da turare a Hor Al Anz, ta zo sannu da zuwa ta kama haɓar Muhsinat tana juyawa.

"Maman Sauda, dubi 'yarki! An tura ta karatu ta dawo tarwaɗa. Ma fille, 'yata, an ce har kwana kuke a cikin ruwa?"

"A'a, Tanti, a gado muke kwana."

"Bon, to. Ni dai 'yar Gaya ce, a bakin kogi aka yanke min cibi. Kowane ruwa da masu shi. In kin je ki riƙa sallama, Turawan nan ba su da gaisuwa."

Aka yi dariya. Muhsinat ma ta yi, amma ba ta gaya wa kowa komai ba. Makarantar ta sanar da Ɗalhatu cewa an ɗan dakatar da ita saboda gajiya, shi kuma ya yarda, ya sayo mata madara da dabino.

Ana cikin hutun Saratu ta ce babbar ta raka ta kasuwar yadi a Bur Dubai. Suka bi ta Al Ras, suka gangara inda ake hawa abra, ƙananan jiragen katakon da ke tsallakar da mutane mashigin tekun da ya raba garin biyu. Rana ce tsaka, jirgin cike da leburori da 'yan yawon buɗe ido masu ɗaukar hoto. Suka zauna gefe da gefe a kan bencin, ƙafafunsu kusa da ruwa. Injin na tatata, tsuntsayen teku na bin su. Ruwan kore ne mai duhu, da ɗan maiƙon man jirgi a samansa. Saratu ta jefa kanunfari a baki tana kallon gaba.

Suna tsakiya aka ce, daga gefen jirgin, dab da ƙafarta:

"Muhsinat."

Kanta a sama yake, a cikin iska da hasken rana. Ba ta taɓa jin muryar a nan ba. Ta juya a hankali ta dubi uwarta. Leɓen Saratu a rufe, sai dai ta daina tauna. Ledar da ke cinyarta ta zame ta faɗi, ba ta ɗauka ba. Hannunta ya zo ya kama wuyan hannun 'yarta, riƙon da take yi wa marar lafiya in za a yi masa ɗinki. Ba wanda ya waiga a cikin jirgin. Wani Bature na nuna wa matarsa tsohon gini.

Ba su sayi yadi ba. Da suka sauka Saratu ta tare tasi, suka zagaya ta gada.

A kicin, bayan ta tura Sauda aike, ta ɗauko albasa ta fara yanka, ta ba 'yarta baya.

"Tun yaushe?"

"Tun Chile, Umma."

"Me yake ce miki?"

"Abin da kika ji. Shi kaɗai."

"Kin amsa?"

"Da wane baki, a cikin ruwa?"

"Ba da baki kaɗai ake amsawa ba."

Muhsinat ta sunkuyar da kai. Sannan ta faɗi duka, da jinkirin, da sakin filafilin, da sharaɗin malamar kogi. Wuƙar ba ta tsaya ba, sai da albasar ta wuce yadda miya ke so.

"Umma," ta ce, "ki faɗa sau ɗaya. Sau ɗaya tak. In na ji na gaskiya, wancan zai fita daga raina."

Saratu ta ajiye wuƙa. Ta juyo. Idonta ya yi ja, kuma ba za a ɗora wa albasa duka laifin ba. Leɓenta ya motsa, har ya haɗu kamar mai shirin fara sunan.

"A'a."

"Umma..."

"Na ce a'a. Yau in kin ji shi da muryata, kin san ba ni ba ce. In na faɗa sau ɗaya, gobe da me za ki bambance?"

"To ki hana ni komawa."

"A ina kika ji shi ɗazu, a Chile? Nan ne, bayan ofishin ubanki. In na hana ki komawa, wanka ma zan hana ki?" Ta goge hannu a zani. "Kuma wa ya ce miki na haifi mai barin karatu saura ƙiris? Ɗauko min tocila in ga kunnen nan."

Ta duba kunnen, ba ta ga komai ba. Ta sa Ɗalhatu ya yi tofi a ruwa ba tare da ta gaya masa dalili ba, ta tsaya a kan yarinyar har ta shanye. Ta tuna mata falaƙi da nasi safe da yamma. Sannan ta ce a aro kwalekwale wurin malamin wasannin nan.

Ranar da ake ware wa mata bakin tekun Al Mamzar, Tanti Aziza ta zo da motarta, suka ɗaure kwalekwalen a sama da igiyar dilolin atamfa. An gaya mata rabin labarin, ta cike sauran da kanta, ta kuma yi shiru tun daga gida har suka isa, abin da ba a saba gani ba. Da safe ne, tekun kwance kamar faranti. Saratu, wadda ba ta iya iyo ba, wadda rabonta da shiga ruwan da ya wuce idon sawu tun tana yarinya, ta tattare abaya ta shiga har ƙugu. Silifa ɗaya na hannunta.

"Maman Sauda, in ruwa ya ɗauke ki ni ba zan bi ki ba fa," in ji Aziza daga kan yashi. "Sabon lalle ne a ƙafata."

"Ba wanda ya aike ki." Saratu ta dubi 'yarta. "Yalla, maza. Kife."

Muhsinat ta ja numfashi ta kife.

Ruwan ɗumi ne, ƙasa kusa, tana ganin yashi da gefen baƙar abaya na lilo. Ta yi zaton a wuri marar zurfi haka ba za a zo ba. Aka zo. Daga can inda yashin ya gangara ya ɓace, a hankali, da taushi, aka kira ta. Yatsunta suka fara sassautawa a kan filafili.

Sai duniya ta tsage. Ɗas! a gindin kwalekwale, dukan ya ratsa roba ya shiga cinyoyinta har haƙora. Ɗas! Kuma ta cikin ruwan, a dagule, ta jiyo wata murya mai kaushi, marar daɗi, cike da masifa:

"Ke! Ke! Taso nan, don gidanku!"

Jikinta ne ya amsa kafin ita. Muryar da ta tashe ta makaranta, ta raba ta da talabijin, ta sa ta wanke-wanke tun tana tsayawa kan kujera. Ta murɗa ƙugu ta fito. Saratu na tsaye, silifa a sama, fuskarta jiƙe, tana huci.

"Uban me kike jira a ciki? Sake."

Suka yi ta yi har rana ta ɗaga. Kife, kira, duka, masifa, taso. Wasu Larabawa mata suka tsaya suna kallo, ɗaya ta tambayi Aziza ko lafiya, Aziza ta ce musu wasan ƙasarsu ne. Suka koma duk ranar matan da ta rage a hutun. A ta ƙarshe Saratu ta ɗaga silifa ba ta kai ga bugawa ba, yarinyar ta riga ta fito. Kiran na nan, amma ya zama kamar kiran mai talla a titi, ana ji ana wucewa.

Wannan karon ma Saratu ba ta je filin jirgi ba.

Zangon ƙarshe a yammacin Kanada aka yi shi, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, koguna sun yi jajir da laka. Malamar kogi ta sa kwalekwalenta dab da na Muhsinat. A kogin farko Muhsinat ta kife, aka kira sunanta, ta tuna zafin silifa a cinyarta, ta taso tun kafin a rufe baki. Ta dafa hula. Malamar ta daɗe tana kallonta, sannan ta dafa tata. Haka aka yi ta tafiya. Ta rubuta jarrabawa a ɗakin cin abincin wani sansani, ruwan sama na dukan kwano. Muryar ta yi ta raguwa, har wasu ranaku ba ta zuwa sam.

A fitarsu ta ƙarshe, ana gobe bikin gamawa, wani rami a tsakiyar kogi ya haɗiye ta. Duhu ne a ciki, laka ta hana ganin ko tafin hannu. Ta manna filafili. Ba a kira sunanta ba. Abin da ta ji, da kaushinsa, da hucinsa, har da yadda numfashi ke yankewa a tsakiya, shi ne:

"Ke! Taso nan, don gidanku!"

Daga ƙasa.

Jikinta ya amsa, kamar yadda aka koya masa. Hannunta na hagu ya saki filafili ya miƙa wajen muryar, ɗayan ya tafi neman bakin siket don ya fizge. Abu ɗaya ya tsayar da ita. Cinyoyinta na jiran duka, dukan bai zo ba. Gindin kwalekwalen shiru. Ta lalubo filafilin da yatsun da suka mutu da sanyi, ta murɗa da duk abin da ya rage mata, ta fito cikin iska da ƙarar ruwa. Na gabanta ya waigo. Ta ɗaga hannu ta dafa hula. A idon kowa juyi ne kamar kowane juyi.

A bakin gaɓa, tana zaune kan dutse tana jiran haƙoranta su daina haɗuwa, ta gane abin da ya faru. A Al Mamzar ba ita kaɗai ke koyo ba, mai kiran nan ma yana koyo. An saurari duk abin da Saratu ta faɗa, an tafi da shi, an yi ta gwadawa har ya zauna. Saura dukan. Kuma mai haƙurin da ya koyi wancan zai koyi wannan.

Washegari ta karɓi takardar shaidarta a kan ciyawa, da rigar da ta sha ninki a jaka. Malamar kogi ta rungume ta, ta ce akwai masu neman irinta a gasa. Muhsinat ta yi godiya. Daga ranar ba ta sake sa kanta a ƙarƙashin ruwa ba.

Yanzu tana Dubai, tana karatun jami'a da yamma, da safe kuma tana aiki da wani ƙaramin kamfani da ke koya wa yara da mata tuƙa kwalekwale a ruwa kwantacce. Iyaye na son ta saboda ba ta ɗaga murya, kuma idonta ba ya barin yaro. Ita ke koyar da juyi, daga tsaye, ruwa iya ƙugu, hannunta a kan gindin kwalekwalen ɗalibi. In ana bukatar a nuna, wani abokin aikinta ke kifewa. Sun ɗauka ciwon kunne gare ta, ba ta gyara musu ba. Gashinta a roba take wanke shi, da kofi, a sunkuye. In za ta Bur Dubai jirgin ƙasa take hawa.

Ta gaya wa Saratu abin da ya faru a kogin ƙarshe, a kicin ɗin nan dai, a daren da ta dawo. Saratu ta saurara har ƙarshe, ta ci gaba da wanke-wankenta. Amma tun daga lokacin ko "Ke" ɗin ta daina ƙwalawa daga wani ɗaki. In tana son babbar 'yarta, komai gajiyar da ta kwaso daga asibiti, sai ta tashi ta tako har bakin ƙofa, ta tsaya inda haske zai faɗa mata a fuska, ta jira yarinyar ta ɗago ta gan ta. Sannan ta buɗe baki.